Wata Yarinya a Gidanmu

Zafi ne ya fara tarbata a Riyad, tun kafin wani mahaluƙi ya ce mini sannu. Ina fitowa daga filin jirgi iska ta daki fuskata kamar na leƙa tandar gurasa. Ni da na taso a Malumfashi ina taƙamar na san rana, ashe sunanta kawai na sani. Motar asibiti ta kwashe mu, ni da wasu mata daga ƙasashe daban-daban, ba mai jin yaren wata, ta sauke mu a masaukin ma'aikata da ke unguwar Malaz. Aka nuna mini gadon sama. Ni Hajara, da shekaruna da ciwon gwiwata, wai in riƙa taka tsani kafin in kwanta.

Washegari na gane irin cutar da wakilin da ya yi mini hanya ya yi mini. Ungozoma ce ni ta asibiti, mai takarda. Na karɓi haihuwa a ƙasarmu har na daina lissafi, na sha ɗinke mace da hasken waya in an ɗauke wuta. Mutumin nan ya rantse mini har da girman iyayensa cewa aikina zan zo in yi. Da aka rataya mini katin aiki a wuya, sai na ga an rubuta mataimakiyar nas. Na je ofis na yi ƙorafi, aka ce sai an tantance takarduna, in dawo bukura, wato gobe. Goben ofishin nan har yau ba ta waye ba. Na kira wakilin, lambarsa a kashe. Allah ya isa, ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Aikina ya koma canja zanin gado, gwajin jini, da tura mata a keke daga wannan ɗaki zuwa wancan. Shugabar sashenmu wata Balarabiya ce doguwa da muke kira Mudira. Ba muguwa ba ce, amma doka a wurinta kamar salla take. Wata rana wata mata na kan gado, likita bai ƙaraso ba, kan ɗa ya riga ya leƙo. Hannuna da kansa ya miƙa, ban ma yi shawara da shi ba. Sai na ji tsawa daga bayana: “Mamnu'!” Wato an hana. Na ja da baya na tsaya riƙe da tawul, ina kallon wata yarinya da na haifa a shekaru tana karɓar ɗan. Ranar ban iya cin abinci ba.

Me ya hana ni tattara nawa-ya-nawa in koma gida? Maigidana ya rasu ya bar ni da yara a makaranta, kuma na riga na ajiye aikina na can. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na haɗiye, na zauna.

Amma akwai alkawari guda da na baro a gida wanda na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na cika shi. 'Yata ta fari an ɗaura mata aure dab da tahowata. A wajenmu, haihuwar fari a gaban uwa ake yinta. Yarinya ta dawo gida goyon ciki, ta sauka a hannun nata, a yi mata wankan jego har ta yi arba'in, sannan a mai da ita ɗakinta. Mahaifiyata ce ta rene ta tun daga yaye, ita ya kamata ta yi wannan hidima, to Allah ya karɓi abarsa. Saura ni kaɗai. Na ce a raina, na karɓi 'ya'yan mutane a duniya, ba zan bari nawa jikan ya faɗo a hannun wata ba.

Wanda bai san mu ba zai yi mamakin yadda nake ta cewa 'yata, 'yata, ban faɗi sunanta ba. Ko wannan “'yata” ɗin a rubuce ne ya zo mini da sauƙi. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba sai in za ta sha nono, shi ma a bayan ɗaki. In ina son ta sai in ce “ke,” in ina maganarta in ce “yarinyar nan.” Ita kuma Yaya take ce mini, kamar yadda ta ji ƙannena na faɗa. Haka uwata ta yi da yayana, haka tata uwar ta yi. Karatun asibiti bai cire mini wannan ba.

Watannin farko a Malaz kewa ta kusa kashe ni. Shinkafa safe, shinkafa rana, ga kaza mai laushi kamar auduga wadda ba ta da ɗanɗanon komai. Abokiyar ɗakina, Lorna, 'yar Filifin ce, ƙarama mai yawan dariya. Da ta ga yadda nake nishi wajen hawa gado, na dawo daga aiki kawai na tarar ta kwashe kayanta ta koma sama, ta bar mini na ƙasa. Allah ya saka mata. Amma mutum ba ya rayuwa da alheri kaɗai, yana son ya ji an ce masa “ina gajiya.” Sai in kwana in tashi ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba sai a addu'a.

Wata ranar hutu na shiga kantin kusa da mu sayen sabulu, sai na ji wani a bayan kanta yana waya: “Kai dai bari, ai mutumin nan ba shi da ta ido!” Wallahi sai da sabulun ya faɗi daga hannuna. Na zagaya na tsaya a gabansa kamar wadda ta zo karɓar bashi. Na ce, “Bawan Allah, sannu da aiki.” Ya sauke wayar ya dube ni, ya ce, “Ikon Allah! Hajiya, daga ina?” Sai hawaye. Babbar mace da ni, ina kuka a gaban kwalayen madara. Sunansa Malam Iro, direban wani gida ne. Da ya ji sana'ata sai ya tafa hannu ya ce, “Ai kuwa Gwaggo Tabawa na nemanki ruwa a jallo, ba ta dai san ke ce ba.”

Ranar Juma'a ya kai ni Jaradiya. Tsohuwar unguwa ce, gidaje a manne da juna, lunguna ƙanana, na'urorin sanyaya ɗaki na ɗigar da ruwa a bango. Tun daga matakala na ji ƙamshin daddawa. Gwaggo Tabawa na zaune a kan darduma ta miƙe ƙafafu, tsohuwa ce baƙa siririya, mutuniyar Haɗeja, hancinta da tsohon hujin da ba ta sa masa komai. Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

“Ke ce ungozomar Turawan?”

Na ce, “Ni ce, Gwaggo. Ina wuni?”

“Lafiya. Nuna mini hannunki.”

Na miƙa mata. Ta juya shi, ta matsa tafin, ta ce, “To, da dama-dama. Zauna ki ci tuwo, na ga yunwa a wuyanki.”

A bakin tuwon nan ta ba ni labarinta, kuma ta ci gaba da ba ni shi gutsure-gutsure duk Juma'ar da na je. Ta zo garin tana amarya, lokacin Hausawan da ke wajen ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Maza ne suka fara zuwa neman abinci, daga baya wasu suka kawo matansu. Ba uwa, ba gwaggo, ba kaka. Mace ta farko da naƙuda ta kama a cikinsu, mijinta na wajen aiki, ba mota, ba mai jin Larabci. Gwaggo ce kaɗai a kusa, ita ma ba ta taɓa haihuwa ba a lokacin.

“Da reza na yanke cibiyar, ina karanta duk surar da na sani,” in ji ta. “Daga ranar na zama ungozoma, ba wanda ya naɗa ni. Duk zangon da Bahaushe ya sauka, 'yar nan, abu uku yake fara nema: liman, mahauci, da ungozoma. Liman ma ana iya bin na wasu. Amma ba wadda za ta wanke miki jego in ba taki ba.”

Ba yankan cibi kaɗai ta yi musu ba. Ita ke kwana da mai jego, ita ke dama kunu, ita ke gaya wa miji abin da ya kamata ya sayo ba tare da ya ji kunya ba. Ita ke sasanta mata in an yi faɗa, kuma in mace ta rasu ita ke mata wanka. Rabin manyan unguwar ta san su tun suna tsumma. Wani ɗan kasuwa mai tumbi ya shigo gaishe ta ina zaune, yana ta Larabci a waya, ta ce masa, “Rage murya, ni na fara ganin tsiraicinka.” Ya durƙusa yana dariya.

Yanzu kusan kowa a asibiti take haihuwa, abin da ya rage wa Gwaggo shi ne na bayan an dawo gida. To ga shi hannuwanta sun ƙage, ba ta iya ɗaga bokiti. Shi ne aikin da take nemana dominsa. Haka na zama mai wankan jegon Jaradiya, ranar hutuna. Direbobi ke kawo mana ganyen darbejiya in sun dawo daga Makka. Banɗakunan ƙanana ne, ba tsakar gida, ba murhu, a kan gas muke dafa ruwan. Da bazara kuwa ruwan famfo da kansa ya isa jego, don tankin da ke saman rufi ya riga ya tafasa shi.

Mun sha faɗa da ita. Ni na ga matan da kanwa da ruwan zafi suka kumbura wa zuciya, don haka sai in sirka ruwan, in rage kanwar kunu. Ita kuwa ta tsoma yatsa ta ja tsaki.

“Wannan ruwan alwala ne ko na jego? So kike yarinya ta ruɓe?”

“Gwaggo, wanka za mu yi mata, ba fige ta za mu yi ba.”

“Ji fitsara! Ku 'yan boko kun fi son mace ta tashi da sanyi a ƙashi.”

Ƙarshe muka yi sulhu: ita ke da ganye da addu'a, ni ke da yawan zafi da kanwa. In ta juya baya in ƙara ruwan sanyi, in na juya baya ta ƙara kanwa, duk muna sane.

Ina cikin wannan labari ya iso daga gida. Ba daga yarinyar ba, ina! Ko za a yanka ta ba za ta faɗa mini ba. Uwar mijinta ce, Hajiya Mairo, ta sako shi a tsakiyar gaisuwa: “'Yar taki dai ba ta jin daɗi kwana biyu, amma ciwon alheri ne.” Na ce, “To, Allah ya raba lafiya,” na kawar da zancen, kamar an ce mini akuyar maƙwabta ta yi ciki. Da na kashe wayar sai na yi sujada a tsakar ɗaki. Na lissafa, saukarta za ta faɗo tsakiyar bazara, daidai lokacin da kowa ke rububin hutu a asibiti.

Ban yi sanya ba. Na sami Mudira a ofishinta tun da sauran lokaci, na gaishe ta da ɗan Larabcin da na tsinta, sauran na ƙarasa da Turanci. Na ce ina neman hutu a watan kaza. Ta ce me ya faru?

A nan ne na kashe kaina. Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. In dubi idon babbar mace in ce 'yata ta fari na da ciki? Harshena bai san hanyar ba. Sai na sunkuyar da kai na ce, “Akwai wata yarinya a gidanmu da za ta haihu.”

Ko a Malumfashi ko a Haɗeja, duk macen da ta ji wannan magana daga bakin mace irina, ta ga kuma yadda na sunkuyar da kai, ta gama ganewa. Har tsokanata za ta yi ta ce, “Wace yarinya kuma? Ba ta da suna?” Mudira kuwa ta ɗauki maganar yadda na faɗe ta.

“Yarinya a gidanku? Mai aiki ce?”

Na ce, “A'a. Ta gida ce.”

“Hajara, kowa na da 'yan'uwa masu haihuwa. In na saki kowa saboda haka, wa zai tsaya a nan? Bazara ce. Bayan bazara, inshallah.”

Na ce na gode, na fito. Har da godiya, don Allah ku ji!

Juma'a na kai wa Gwaggo ƙara, ina zagin Mudira, ina cewa mutanen nan ba su da imani. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in maimaita mata abin da na faɗa daidai. Na maimaita. Gwaggo ta yi dariya har da tari, sai da na ba ta ruwa.

“Ke da Balarabiya kike alkunya? Ita da ake kira da sunan ɗanta na fari, Ummu wane, tana amsawa da fara'a? Kai, Hajara, da takardunki da komai! Kunya kuɗin gida ne, ba a kashe shi a kasuwar wasu. Koma ki ce mata binti. 'Yata. Ki faɗa da baki, ba ya ƙonewa.”

Raina ya ɓaci, don gaskiya ce. Na kwana biyu ina gwada kalmar a gaban madubi kamar mai koyon karatu, sannan na koma. Na ce, “Mudira, yarinyar da na gaya miki, binti ce. Ni na haife ta.”

Ta cire tabarau ta dube ni. “'Yarki? Me ya sa ba ki faɗa ba?”

Na yi ƙoƙarin bayani. Da wane Turanci za ka fassara kunyar ɗan fari? Na ce a al'adarmu uwa ba ta nuna ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa. Ina magana ina jin yadda abin ke fita kamar ƙarya. Na ga tana auna ni, tana tunanin ko na je na ƙirƙiro 'ya ne don in sami hutu. Ta ce, “Wace uwa ce ba ta cewa 'yarta 'yarta?” Daga ƙarshe ta ce ko da ta yarda, bakin alƙalami ya bushe: gurbin da ya rage ta ba wata 'yar Indiya da mahaifinta ke kwance. Da na faɗa tun farko, da ni ta ba. Wannan “da” ɗin ita ta fi ci mini rai.

Lorna ta je da kanta ta roƙa a ba ni nata hutun, aka ce matsayinmu ba ɗaya ba ne, ba a musanya. Na yi tunanin in ajiye aikin in tafi. Na dubi yaran da ke makaranta, na dubi kwantiragin da ban cika ba, na fasa. Na kira yarinyar na ce, “Ke, da wuya in samu zuwa.” Ta ce, “Ba komai, Yaya, Allah ya sa haka ya fi alheri.” Aka yanke shawara ta zauna a gidan miji, Hajiya Mairo ta kula da ita. Daga nan na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ina zuwa aiki, ina zuwa Jaradiya, ina watsa wa 'ya'yan wasu ruwan ganye, zuciyata na Malumfashi.

Wata Juma'a da la'asar muna gidan wata mai jego, Nana, haifaffiyar Riyad da Hausarta ke fita da ƙyar. Na ɗora ruwa a wuta, na ce bari in kira gida kafin ya tafasa. Wayar yarinyar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

“Yaya, ina wuni?”

Ban amsa gaisuwar ba. Numfashinta na ji. Wanda ya yi aikina ba ya bukatar ganin mace kafin ya san tana kan gwiwa.

“Ke, tun yaushe?”

“Me, Yaya?”

“Kar ki raina mini hankali. Tun yaushe marar ke ciwo?”

Da ƙyar ta ce tun jiya. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta shige ɗaki ta sa sakata, wai kar uwar miji ta ji ta tana nishi a ce ba ta da kunya. Na tambaye ta kanta na ciwo? Ta ce kamar zai rabe. Idonta fa? Ta ce tana ganin wasu abubuwa kamar tartsatsin wuta. Ƙafafunta sun daɗe da kumbura, ta ɗauka haka ciki yake. Jininta ne ya hau, kuma na san abin da ke biyo bayan wannan tartsatsi: jijjiga. Na ga matan da ta ɗauke a gabana, su da abin da ke cikinsu.

Na karɓi wayar Nana na kira mijin yarinyar, Kabiru, a kashe. A can lokacin sallar Juma'a ne, duk mazan gidan na masallaci. Na kira Hajiya Mairo, tana ta ƙara ba a ɗauka, ashe ta bar ta a caji a shagon waje. Ba wanda zai buɗe ƙofar nan sai wadda ta rufe ta.

“Ke, tashi ki zare sakata ki kira Hajiya. Yanzu.”

“Yaya, kunya nake ji. Bari dai ya ƙara matsowa.”

“Na ce ki tashi!”

“To… bari in ɗan kwanta tukuna…”

Muryarta ta fara ja kamar ta mai barci. Na ce “ke,” shiru. Na sake cewa “ke,” shiru, sai numfashi. Ke wa? Duk duniya kowace mace ke ce. Ina tsaye a kicin ɗin mutane a wata ƙasa, tukunya na tafasa a gabana, hannuwana biyu lafiya lau ba su da amfanin komai.

“Safiya!”

Ban san da irin ƙarfin da na faɗa ba. Nana ta saki kofi. Gwaggo da ke falo ta daina jan carbi.

“Safiya! Safiya, ni ce uwarki nake miki magana! Ni na haife ki, kuma ban yarda ki mutu a bayan ƙofa ba. Tashi!”

Na ji motsi. Na ji wani abu ya faɗi, na ji tana jan jiki, sannan ƙarar sakata. Can na ji salatin Hajiya Mairo. Ta ɗauki wayar, na ce mata kar ta tsaya jiƙa rubutu, kar ta tsaya jiran maza, ta tari mai adaidaita ko na waye su tafi babban asibiti, ta ce musu jini ne ya hau. Allah ya yi wa matar nan albarka, ba ta yi mini gardama ba.

Wayar ta katse. Na zame na zauna a ƙasan kicin. Gwaggo ta taso da sandarta, ta tsaya a kaina, ba ta tsokane ni ba. Ta kashe gas ɗin, ta ce, “Yau ba wanka. Nana, kawo mata ruwa ta sha.”

A bakin ƙofar asibitin jijjigar ta kama ta, Kabiru ya gaya mini daga baya. Da a ɗaki ta same ta, da sai dai wani labarin. Aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji, ɗan ƙarami amma da kukansa. Ita kuwa ba ta farfaɗo sosai ba sai da aka kwana biyu. A kwanakin nan na je aiki, na canja zanin gado, na tura keke, ban san abin da nake yi ba. Mudira ta ga idona ta tambayi Lorna, Lorna ta gaya mata. Ta zo ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya ba binti lafiya. Hutun dai bai samu ba, sai bayan bazara. Wata ce ta yanke wa jikana cibi, wata ce ta yi masa wankan farko, suna ma a hoto na gan shi.

Ranar da ta farfaɗo, ina ɗakin ajiye zannuwa da hantsi, ina jera tawul, wayata ta yi ƙara. Kabiru ne, ya ce ga ta, ta farka tana nemana.

“Yaya.”

Muryar a dishe, amma tata ce. Na ce, “Sannu. Barka da arziki. Ya jikin?”

“Da sauƙi.” Sannan ta ce, “Yaya, ranar nan da kika kira ni… wani abu kika ce, ko mafarki na yi?”

Na ji kunyar nan ta taso mini tun daga tafin ƙafa, tsohuwar kunyar, ba ta je ko'ina ba. Na dubi ƙofa, ba kowa. Na ce a hankali, “Ba mafarki ba ne, Safiya.”

“Na'am? Layin ba kyau, ban ji ba. Ƙara faɗa.”

Ƙarya take yi, layin tar yake, har kukan ɗan ina ji a gefenta. Na ƙara faɗa.